Majigi a garin Sakkwato: abin da kwali ba ya faɗa maka

Ƙanena yana da gidan kallon ƙwallo a wajen Mabera, rumfar kwano ce mai benci goma sha biyu. Ya daɗe yana aiki da talabijin biyu, har ranar da ya ga tallar wani majigi a wayarsa, kwalin ɗauke da manyan lambobi: lumen 9,500, 4K, hoto har inci 200. Kuɗinsa bai kai na talabijin matsakaiciya guda ba. Ya tura kuɗi aka kawo masa, muka gwada bayan sallar isha'i a jikin farin yadi, kuma gaskiya a daren nan ya ƙayatar. Ranar Asabar aka zo wasan farko na ranar a gasar Firimiya, wanda a lokacin sanyi ake take shi da ƙarfe ɗaya da rabi na rana agogonmu. Koren fili ya koɗe kamar tsohuwar atamfa, 'yan wasa suka zama inuwa, ƙwallo kuwa sai dai ka ji inda take a bakin mai sharhi. Kafin hutun rabin lokaci mutane sun fara neman a mayar musu da kuɗinsu. Ya kira ni muryarsa na rawa: "Yaya, wanga abu ya lalace, ko mi?" Na ce masa lafiyarsa ƙalau, iyakar ƙarfinsa ke nan.

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne majigi ba ya iya yin baƙi. Talabijin tana da gilashi mai duhu, inda take son baƙi sai ta rage haskenta ko ta kashe shi. Majigi kuwa haske kawai yake watsawa a kan farin abu, don haka baƙin da kake gani a hotonsa duhun ɗakinka ne ya ara. In rana ta shigo ta taga ta haska bangon, baƙin ya tafi, sauran launuka su bi shi. Dattawan da suka ga zamanin majigin gwamnati, lokacin da mota ke zagaya garuruwa tana nuna finafinan tsafta da noma a filin ƙofar hakimi, za su gaya maka ba a taɓa kunna shi da rana ba. Sai dare ya yi, an kafa farin ƙyalle, sannan injin ya tashi. Na'urar ta canza ƙwarai tun daga wancan zamani, amma wannan sharaɗi yana nan daram. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗi ko sunan kamfani, tsaya a cikin ɗakin da za a sa shi, a daidai lokacin da za a riƙa kallo, ka duba yawan hasken da ke sauka a bangon.

Daga nan sai maganar lumen, wato ma'aunin hasken da majigi ke fitarwa, kuma nan ne aka fi cutar masu saye. Awon da ake yarda da shi ana yin sa ne a jikin allo: a haska farin hoto, a auna haske a wurare tara, a fitar da matsakaici, a ninka da faɗin filin hoton. In an bi wannan hanya za ka ga an rubuta ANSI ko ISO kusa da lambar. Masu ƙananan majigi na araha sukan ɗauki hasken ƙwan da ke ciki tun kafin ya ratsa gilasai ya rasa mafi yawan ƙarfinsa, ko kuma su rubuta lambar da ta yi musu daɗi kawai. Shi ya sa abin da aka rubuta wa dubu tara ba lallai ya wuce 'yan ɗaruruwa ba a awon gaskiya. Matsalar ta yi ƙamari har kamfanin Epson ya sha maka wasu masu sayarwa a kotunan Amurka kan ƙaryar haske. In ba ka ga ANSI ko ISO ba, ka ɗauka ba a gaya maka komai ba. Akwai kuma alamar da ba ta ƙarya: duba wat nawa yake sha. Majigin ƙwai mai lumen 3,000 na gaskiya yakan sha wat 250 zuwa 350. Ɗan akwatin da ke shan wat 50 ko 60 ba shi da inda zai samo hasken da ya ninka wannan sau uku.

Nawa ne ya isa? A falo mai labule mai kauri, da dare, lumen 1,000 zuwa 2,000 na gaskiya sun wadatar da hoto mai inci 100. Aji ko ɗakin taro da ake barin fitila don mutane su yi rubutu yana neman 3,000 zuwa 4,000. Babban zaure kamar na lacca a jami'a, ko ɗakin biki, daga 5,000 ne zuwa sama. Tsakar gida da rana tsaka kuwa, a ƙarƙashin ranar Sakkwato, babu majigin da talaka ko matsakaicin ɗan kasuwa zai saya ya yi masa aiki. Sai ka haɗa da wani lissafi da mutane ke mantawa: hasken nan guda ne ake shimfiɗawa, kamar man shanu cokali ɗaya a kan tuwo. In ka ninka faɗin hoto sau biyu, filinsa ya ninku sau huɗu, haske ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Inci 200 da ke jikin kwalin ƙanena gaskiya ne ta fuskar girma, sai dai a wannan girma ba abin da za ka gani face hazo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda mai talla a intanet ba zai taɓa kawo maka ba, domin ba a garinmu yake zaune ba. Buɗe littafin da ke zuwa da majigi ka nemi iyakar zafin da aka yarda ya yi aiki a ciki. Galibi za ka ga digiri 35, wasu 40. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa ma yakan haura 40. To ina ga rumfar kwano marar silin, inda zafi ke taruwa can sama, daidai wurin da ake rataye majigin? Na taɓa miƙa hannu kusa da rufin gidan kallon nan da la'asar a watan Afrilu, iskar wurin kamar bakin tanda. Majigi kuma da kansa murhu ne, kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa, fanka ce kawai ke fitar da shi. In iskar da fankar ke ja ta riga ta yi zafi, sai ka ga jar fitila tana ƙyaftawa, na'ura ta kashe kanta ana tsakiyar wasa. Wannan kashe kai ma alheri ne, kare kansa yake yi. Wanda ba shi da wannan tsaro a hankali yake ƙonewa, ka fara ganin tabo rawaya ko ruwan ƙasa a tsakiyar hoto yana faɗaɗa mako bayan mako, kuma wannan tabo ba ya goguwa.

Maganin ba mai tsada ba ne. A sauko da shi ƙasa da rufi, a bar masa sarari kamar rabin mita ta inda yake shaƙa da inda yake fitar da iska. Kada a kulle shi a akwatin katako ko na ƙarfe marar ramuka don tsoron ɓarayi. In za a yi masa keji, a yi na raga. A cikin saitinsa akwai wurin rage haske don tsimin ƙwai, yana sauke zafi ya kuma tsawaita rai, da dare ba za ka ji rashin hasken ba. Da yawa suna da saitin da aka yi wa garuruwan kan duwatsu, wanda ke ƙara gudun fanka. Mu ba a kan dutse muke ba, amma a bazara yana mana amfani, illarsa ƙarar fanka kawai.

Bazara na wucewa, damina ta ɗan ba da hutu, sai hunturu ya shigo da tasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk wanda ya share falo da safe ya san abin da zai tarar da azahar. Fankar majigi tana zuƙar wannan ƙura sa'a bayan sa'a. A nan ne bambancin nau'o'in majigi yake da ma'ana a gare mu. Akwai mai LCD, inda haske ke ratsa wasu ƙananan gilasai masu ɗauke da hoto. Nagarinsa gilasai uku gare shi, ja da kore da shuɗi, shi ne ake rubuta wa 3LCD, kuma Epson ta fi shahara da shi. Launinsa yana fita sosai ko da akwai ɗan haske a ɗaki. Amma iska tana bi ta kusa da gilasan, shi ya sa yake da matatar ƙura da dole a riƙa cirewa ana kakkaɓewa. In ƙura ta tsallake ta zauna a kan gilashi, sai ka ga wani dunƙulen tabo a hoto. Akwai kuma DLP, fasahar da kamfanin Texas Instruments na Amurka ya ƙirƙiro a 1987, inda hoto ke fitowa daga ɗan guntun faifai mai ɗauke da mitsi-mitsin madubai, kowane madubi na juyawa da kansa. BenQ da Optoma da ViewSonic sun fi amfani da shi. Hanyar haskensa galibi a rufe take, don haka ya fi jure ƙura. Aibinsa shi ne wasu mutane idonsu na kama walƙiyar launuka kamar bakan gizo in abu fari ya gifta da sauri a cikin duhu. Ba kowa ke gani ba, sai ka gwada da idonka.

A ra'ayina, wurin da ƙofa ke buɗe kullum ana shiga ana fita, kamar gidan kallo ko ajin da tagoginsa ba gilashi, DLP ya fi kwanciyar hankali. Ofis ko falo mai silin da taga mai rufuwa, 3LCD ya yi, muddin akwai mai kula da matatar. Littafin zai ce a share ta bayan ɗaruruwan sa'o'i, ni kuwa a hunturu duk mako nake cewa a duba. In an gama kallo a bari ya huce sannan a lulluɓe shi da ƙyalle. Idon majigin kuma kada a goge shi da gefen riga, ƙurar nan yashi ce, karce gilashi take yi. A fara hure ta, sannan a shafa da tattausan ƙyalle irin na tabarau.

Sai wuta. Ƙwan majigi na gargajiya yana yin zafi matuƙa, shi ya sa in ka kashe da rimot za ka ji fanka ta ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. In aka ɗauke wuta farat ɗaya, fanka ta tsaya, zafin ya zauna a ciki. Mafi muni shi ne a tada janareta a sake kunna shi nan take yana da zafi. Wasu sababbi an ƙera su su jure yankewar wuta, amma hawa da saukar ƙarfinta, da fizgar da ƙaramin janareta ke yi in an ɗora masa firji ko injin ruwa, babu wanda ke jin daɗinsu. Duk wanda zai sayi majigi mai daraja ya sa kuɗin UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke ta, a cikin lissafinsa tun farko, mai ƙarfin VA 1,000 ko fiye, ba don a ci gaba da kallo ba, don a samu mintunan da za a kashe shi yadda ya kamata ko a sauya layi. Masu sola kuma su yi wannan lissafi: wat 300 na sa'a shida ya kama kilowat-awa 1.8. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a rubuce, kuma in na ruwa ne ba a son a sha fiye da rabinsa. Ka ga batir guda ba zai kai ka ƙarshen dare ba, tun ba a sa fanka da lasifika ba.

Wannan ya kawo mu ga tushen hasken kansa, wanda shi ne ke yanke hukuncin ko araha ka saya ko tsada. Ƙwai na gargajiya yakan yi sa'a 3,000 zuwa 6,000, kuma ma'anar wannan adadi ita ce a lokacin haskensa ya ragu zuwa rabi, ba wai yana nan garau har ranar mutuwarsa ba. LED da leza ana ba su sa'a 20,000 ko fiye, suna kunnuwa nan take, ba sa neman dogon hucewa. Ɗauki ƙwai mai sa'a 4,000. Magidancin da ke kallon sa'a biyu a rana zai shekara biyar da shi. Gidan kallo mai sa'a shida a rana ba zai cika shekara biyu ba, leza kuwa a wannan aiki sai ya haura shekara tara. Don haka mai gida ko makarantar da ke kunnawa jefi-jefi ba su yi asara ba in sun sayi mai ƙwai, shi ya fi ba da haske mai yawa a kuɗi kaɗan. Mai sana'a kuwa ya tambayi kuɗin sabon ƙwai da inda ake samunsa tun kafin ya biya, domin sau da yawa sai an aika Kano ko Legas, kuma jabu sun fi na asali yawa. Ƙwan nan yana da zaiba a ciki, in ya fashe a fitar da mutane a buɗe tagogi, kada kuma a jefa matacce inda yara ke wasa. Haka nan a hana yara leƙa idon majigi yana kunne, musamman mai leza.

Maganar tsabtar hoto ba ta da wuya. Hoto ɗige-ɗige ne, yawan ɗigon ke sa ya fita tas. Tsofaffin na ofis suna da 800 sau 600 ko 1024 sau 768, sun isa nuna manyan rubutu. 1280 sau 800 ya dace da aji da kwamfuta. Ƙwallo da fim a inci 100 suna son 1920 sau 1080, ɗigo sama da miliyan biyu ke nan. Dabarar masu kwali ita ce su rubuta 1080 ko 4K (wanda ɗigonsa ya ninka na 1080 sau huɗu) da manyan baƙaƙe, alhali nufinsu na'urar tana karɓar irin wannan hoto ta matse shi. Juya kwalin ka nemi ƙananan rubutu; in ka ga lambobi biyu, ƙaramar ita ce ta gaskiya. Na ƙanena 800 sau 480 muka tarar. Shi kuwa 4K na gaske, ga wanda dikoda ce tushen hotonsa, kuɗi ne da ya fi kyau a kashe wajen haske da labule.

Kafin ka fita kasuwa ɗauki tef ɗin awo. Kowane majigi yana da lambar tazara, za ka gan ta kamar 1.5:1, ma'ana duk mita ɗaya na faɗin hoto sai an ja da baya mita ɗaya da rabi. Hoto mai inci 100 faɗinsa mita 2.2 ne, tsayinsa mita ɗaya da kwata, don haka kana bukatar kusan mita 3.3 daga bango. Akwai masu gajeren zango da ke ba da wannan girma daga mita ɗaya da 'yan kai, su ne suka dace da malamin da ke tsaye gaban allo, ba haske a idonsa, ba inuwarsa a kan darasi. A daidaita shi ya fuskanci bango sak. Maɓallin gyaran karkata yana aiki, amma matse hoto yake yi yana zubar da ɗigo. Allo kuwa ba dole sai na kanti ba: bango mai sumul da farin fenti marar sheƙi ya fi yadin da iska ke kaɗawa. Lasifikar cikinsa ba ta wuce ɗan ƙaramin ɗaki, a tanadi ta waje. A tabbatar akwai ramin HDMI, mai ɗaukar hoto da sauti tare, biyu in da hali, domin tsohuwar wayar VGA ba ta ɗaukar sauti. Ba kuma kowace wayar hannu ke fitar da hoto ta ramin caji ba, ka je da taka ka gwada.

Na hannu fa? Ban hana ba. Tsohon majigin ofis na kamfani sananne sau da yawa ya fi sabon na araha nesa ba kusa ba. Sai dai gani ya kori ji. A kunna maka shi da rana, ƙofar shago a buɗe, ya yi rabin sa'a yana aiki kana tsaye. Sa a nuna farin hoto zalla ka nemi tabo rawaya ko shuɗi, sannan baƙi zalla ka nemi fararen ɗigo kamar taurari, alamar madubai sun fara mutuwa ke nan kuma ƙaruwa suke yi. Shiga saiti ka ga sa'o'in ƙwai, amma kada ka dogara da su, ana iya mayar da lambar sifili. Tsohuwar na'ura mai sa'a ashirin da hoto dishi-dishi ta riga ta ba ka amsa. Ciro matatar ka duba, ka saurari fanka ko tana gurnani. A rubuta maka a rasit kwana nawa kake da su na mayarwa.

Akwai kuma wanda nake gaya wa kai tsaye ya haƙura da majigi. In yawancin kallonka da rana ne, ɗakin ba ya duhuntuwa, mutanen ba su wuce ashirin ko talatin ba, talabijin mai inci 65 ko 75 ta fi maka: ba ta tsoron haske, wutar da take sha ba ta kai ta majigin ƙwai ba, ba matata, ba canjin ƙwai. Majigi yana cin kuɗinsa ne inda ake son hoto ya haura inci 100, ko inda za a ɗauke shi a jaka daga wuri zuwa wuri, kamar masu wayar da kai da ke shiga ƙauyuka, ko masallacin da jama'a ke cika har waje a tafsirin dare na azumi ana so na harabar su ga malam.

Ƙanena bai jefar da nasa ba, ya kai shi gida, yara na kallo da shi a ɗaki bayan magariba, kuma a nan yana yin daidai abin da aka ƙera shi ya yi. A rumfar ya mayar da talabijin ɗinsa biyu don wasannin rana. Bayan wata huɗu ya samu DLP na hannu mai lumen 3,500, muka gwada shi da azahar kafin a biya. Ya sa kafinta ya buga silin a rabin rumfar ta gaba, ya toshe tsakanin kwano da bango da buhunan da aka shafa wa baƙin fenti, ya rataye majigin kamu uku ƙasa da rufi da UPS a gefensa. Wasannin Zakarun Turai da ake takewa da takwas ko tara na dare, a bango ake kallonsu yanzu, har ya ƙara benci huɗu. Duk ranar Juma'a kafin a tafi masallaci yaron shagon yana hawa kujera da ɗan burushi ya share ramukan iska.